Ranar da Na Nuna wa Ƙofar Kibo Zamani

Shekarar da finafinan faifai suka shigo Zariya, na ci alwashin bangon zaurena ne zai fara haska su. Abokina Malam Bitrus, mai koyarwa a Wusasa, ya aro mini majigin makarantarsu da sunansa. Saura na'urar saka faifan.

A shagon 'yan gwanjo ban tambayi kowa komai ba. Ɗaga na'urorin na riƙa yi ɗaya bayan ɗaya, don a ilimina kayan wuta nauyinsa shi ne ƙarkonsa. Na zaɓi wata 'yar Amurka da ta kusa ɓalla mini ƙugu. A kwalinta akwai wani baƙin dunƙulen ƙarfe mai waya. Na juya shi ban ga amfaninsa ba, sai na tokare ƙyauren zaure da shi.

Bayan la'asar zaure ya cika maƙil, har da surukina a kan buzu. Na yi gyaran murya na ce, "Jama'a, yau za ku ga zamani." Na jona.

Ƙara ɗaya aka ji, hayaƙi ya turnuƙe. Na'ura ta ƙone, ta ja majigi suka tafi tare. Ashe ƙarfen nan shi ke rage mata ƙarfin wutarmu.

Malam Bitrus ya ɗauki ƙonannen majiginsu ya tafi. Makaranta ta sallame shi a ƙarshen zango, kuma bai sake tako unguwarmu ba.

Har yau, ko shara aka ƙona a Ƙofar Kibo, sai wani ya leƙo zaurena ya ce, "Alhaji, an fara fim ɗin ne?"