Nomau Gagara-Sauro da Kejin Baƙi

Wani mutum ne a garinmu na bakin fadama, Nomau mai fito. Kwalekwalensa ɗan ƙarami, amma bakinsa ya fi kogin faɗi. Kun dai san sauron fadama, ba ya kunyar kowa. To shi Nomau cewa yake tun da uwarsa ta haife shi sauro bai taɓa ɗanɗana jininsa ba, wai kakansa ne ya dafa shi.

"Ni fa sauro in ya ji warina, sallama yake yi ya juya!"

Har kirari yake wa kansa: Gagara-Sauro, mai jini ɗaci! Da wannan suna yake samun tabarmar gaba a majalisa, ba shi da wani abin taƙama bayan shi. Matarsa Ladidi in ta ji, sai ta taɓe baki ta ci gaba da tankaɗe.

Rannan sai ga masu bincike daga jami'a, shugabarsu wata Dakta Hajjo. Wai sauro suka kiwata, maza zalla marasa haihuwa, za su saka a fadama a ga ko na gari zai ragu. Gari ya ɗauka! Mu da ke neman tsari da sauro, a ce a ƙaro mana? Dagaci ya ce ba a sakin ko ɗaya sai an taru gobe kowa ya gani da idonsa.

Nomau ne ya yi fiton masu binciken. A tsakiyar ruwa ya ji Dakta tana gaya wa abokin aikinta cewa namijin sauro ai ba ya cizo, ruwan fure yake sha, da mutane sun ga an sa hannu a keji hankalinsu zai kwanta. Gogan ya ci gaba da tuƙi kamar kurma. A ransa kuwa, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Kafin magariba ya karaɗe gari.

"Na gan su da idona! Baki kamar basilla! Cizo ɗaya, kumburi kamar ƙwan agwagwa. Gobe in an ce a sa hannu, ku ja baya, aikin manya ne."

Da hantsi aka taru a ƙofar Dagaci. Ga keji biyu na raga a kan teburi, kowanne da 'yar kafa mai kama da hannun riga. Ga Nomau ya sha aski ƙwal, ya ɗaura layu har gwiwar hannu. Dakta ta ce wa zai sa hannu? Ba ta rufe baki ba Nomau ya yi tsalle ya zura hannu a kejin farko. Tsit! Sauro suka yi ta shawagi, ko kallonsa ba su yi ba. Mata suka rangaɗa guɗa.

Dakta ta ce, "Kun gani ko? Maza ne, ba sa cizon kowa."

Nomau ya ce, "Kowa? Wa ya isa?"

Sai Iya Tabawa mai daddawa ta dogaro sanda, ta naɗe mayafi, ta zura nata hannun. Shiru. Liman ya sa. Dagaci ya sa, ya juya hannun gaba da baya, ya ce in dai waɗannan ne, a sake su.

Iya Tabawa ta ce, "Ikon Allah! Ashe duk garin nan kakan Nomau ya dafa mu!"

Wuri ya kece da dariya. Ni kaina sai da na ji masa kunya. Da mai hankali ne, da ya sulale ya koma bakin ruwa. Ina! Idonsa ya faɗa kan keji na biyu.

"Wancan fa?"

"Kada ka taɓa shi, Malam Nomau. Mata ne, don kwatance muka ajiye su."

"Mata? Ni da na gama da mazajensu?"

Kafin a riƙe shi ya cire hula, ya kwance kafar, ya tusa kai gaba ɗaya. Ziiii! Ziiii! Sai ka ce an buɗe wa mayunwata tukunya. Ya yi ta maza, ya cije. Can sai ihu: "Wayyo! Ku cire ni!" Ya ja baya, kunnuwa suka maƙale. Ya miƙe da keji a kai, yana zagaye fili yana marin raga, tas! tas! Layu suna zuba. Da ƙyar majiya ƙarfi suka danne shi aka zare. Kan nan da ya sha aski ya yi rudu-rudu.

Amma bakin bai mutu ba. Yana susa yana haki ya ce, "Jama'a, ku shaida, waɗannan baƙi ne! Na gwamnati ne! Sauron garin nan ya san ni, ba zai yi min haka ba!"

Dakta ta danne dariya ta ce, "Ai a ɗakinka muka kamo su da safen nan, bayan ka tafi aski. Maiɗakinka ce ta buɗe mana."

Duk aka juya ga Ladidi. Ta gyara ɗaurin zane, ta ce, "Wallahi sun san ka, Malam. Kullum suna zagaye gidan sauronka mai ninki biyu suna kuka. Yau dai Allah ya sada ku!"