Yadda Za Ka Kashe Tsohuwa da Manhaja, Ka Kuma Tashi Aiki da Wuri

Kai mai haɗa manhaja, matso kusa. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka kashe mutum da yatsa ɗaya, ba jini, ba ɗan sanda, ko kujerarka ba za ta motsa ba. Na san yana aiki domin a kaina aka gwada. Yau kwanana goma sha tara da mutuwa a kwamfutar asibitin da nake karɓar maganin hawan jini. Ban yi boko ba, amma mako biyu na yi a kan bencin kamfanin da ya haɗa wa asibitin manhajar, kunnena kuma lafiyarsa lau. Abin da na jiyo nake koya maka.

Mataki na 1: Yi gwaji a kan masu rai

An ce ka ƙara wani maɓalli da za a danna idan majiyyaci ya rasu. Madalla. Akwai rumbun gwaji da aka cika da sunayen ƙarya saboda irin wannan aiki. Kada ka kula shi, buɗe shi yana cin minti biyar. Shiga rumbun gaske, inda sunayen mutane suke tare da ciwonsu, ka duba wadda ta fi kowa tsufa a shafin farko, ka danna. Ka ce a ranka yanzu za ka mayar. Sai a kira ka shan shayi. Tafi. Shayi yana hucewa, tsohuwa kuwa tana nan inda ka bar ta.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma, jakarka tana kafaɗa.

Mataki na 2: Bar manhaja ta yi ta'aziyya da kanta

Ƙwararre ba ya barin aiki rabi. Shirya ta yadda da zarar an danna, saƙo zai tafi wayar ɗan uwa mafi kusa. 'Yata tela ce. Tana kan keke saƙon ya shigo. Da takalmi ƙafa ɗaya ta iso gida, zaren awo a wuya, ta same ni ina shanya.

"Inna? Ke ce?"

"A'a, maƙwabciya ce. Wa ya biyo ki?"

Ta zube nan ƙasa, ni mamaciyar na koma yi mata fifita. Daga baya na ji ana yabon aikin a ofis, wai cikin daƙiƙa biyu saƙon ya isa. Ka riƙe irin wannan, yana da kyau a taro.

Mataki na 3: Kada ka saka maɓallin komawa

Wa ya taɓa dawowa? To me za a yi da shi?

Ranar Litinin na je tagar karɓar magani. Mai ba da maganin, shekara tara ke nan da ta san ni, har sunan jikokina ta sani. Ta dubi allo, ta dube ni, ta sake duban allo.

"Mama, wallahi ni ina ganinki. Shi ne ba ya ganinki."

"To ke ba ni, shi ya yi ta makantarsa."

"In na fitar da magani da sunan mamaci, kafin azahar an kore ni."

Na ce zan saya a waje. Irin nawa ba a sayarwa sai da takardar likita, takardar kuma daga cikin kwamfutar nan take fitowa. Na dawo gida na zazzage kwalbata a tafin hannu. Ƙwaya goma. Tun ranar rabi nake sha, kaina yana sara kamar ana faskare a ciki.

Mataki na 4: In ta biyo ka ofis, tayar da gardamar tsabta

Za ta zo. Tsofaffi ba su da aikin yi. Za ta wuce ƙofar gilashi, ta wuce furen roba da buhunan nan masu laushi da kuke kishingiɗa a kai, ta ce ina wanda ya kashe ta. Ba ta ruwan sanyi, ka kira ta Hajiya, ka nuna mata benci. Daga nan ka juya wurin abokin aikinka ku shiga musu a kan kod, wato rubutun da kuke yi wa kwamfuta.

Nawa su biyu ne. Mai Tabarau shi ya danna. Dogo shi ke duba aikin kowa kafin a sake shi.

"Ni dai na duba," in ji Dogo. "Na ce tazarar farkon layi huɗu ake bari, ba biyu ba. Ya gyara. Aikin tsaf yake."

"Biyu ta fi kyan gani," in ji Mai Tabarau. "Kai ne ka tsaya a zamanin da."

"Zamanin da? Kod ɗinka kamar an zubar da kwandon shara!"

Awa guda suna yi. Na ɗaga hannu na ce, "Ɗana, ni da tazara nawa aka kashe ni?"

"Huɗu, Hajiya."

"To alhamdu lillahi. An yi mini mai kyau."

Mataki na 5: Ce a kwamfutarka yana aiki

Juyo mata da allonka, ka nuna mata tsohon kwafin da ka ajiye tun watan jiya. "Ga ki nan da ranki, Hajiya." In ta tambaya ko kwamfutarka tana ba da magani, sa abin kunne.

Mataki na 6: Fake da tsaro

Wannan shi ne babban makami, kada ka fito da shi sai ta fara ɗaga murya. Kira Ogan Tsaro. Nasu mai sanyin magana ne, yana haɗa yatsu in zai yi bayani. Ya ce ba mai ikon neman a gyara bayanin majiyyaci sai majiyyacin da kansa. Na ce ga ni. Ya ce za a turo lamba ta wayata in karanto. Na ce a turo. Ya ce manhajar ba ta tura wa mamaci lamba, domin kare sirrinsa.

"Ki fahimce mu, Hajiya. Ta yaya za mu tabbatar ba wata ce ke son sace bayanan marigayiya ba?"

"Ni zan saci hawan jinina?"

"Ana yi," in ji shi.

Yana wannan bayani, a gefen allonsa akwai wata 'yar takarda ruwan ɗorawa a manne. Ban iya karatu ba, amma lamba na sani, ina da waya. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Na tambayi mai shara, ta ce ai ita ce ke buɗe komai, shekara uku ba a canza ba, ita ma da ita take kunna musu kiɗa da safe. Ka ga tsaro. Ya hana mai abu, ya bar sauran duniya.

Mataki na 7: Ɗora laifi a kan dandali

Ku yi taro a tsaye. Ɗaya ya ce laifin tsohon dandalin da aka gina manhajar a kai ne, ɗaya ya ce sabon da ake son komawa ya fi ramuka. Ku rabu gida biyu, ku daina gaisawa. Ku amince a kan abu ɗaya tak: mutum ɗaya abin ya shafa, saboda haka ba na gaggawa ba ne. Rubuta koken a tikiti, wato gurbin da manhajar ke ajiye ƙorafi. Manhajar za ta rufe shi da kanta, tunda mai koken ta rasu.

Mataki na 8: Gyara, amma da dabara

Ranar da jiri ya kwashe ta a gaban firij ɗinku, za ku tsorata. Kada tsoro ya sa ka taɓa tsohon bayanin, gyaran gaske yana nufin amsa laifi. Buɗe mata sabon kati. Ka yi sauri. Gurbin ranar haihuwa yana cika kansa da ranar yau, kada ka duba.

Shekaranjiya suka yi mini haka, har da tafi. Washegari na hau mota na koma tagar magani. Baiwar Allah ta dubi allo, ta dafe goshi.

"Mama, kin dawo da rai."

"To miƙo."

"Kwananki ɗaya a duniya. Ya ce ba a ba jariri wannan maganin. Wai a kawo ki rigakafi."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo, ba ruwana. Saura ƙwaya biyu a kwalbata. Na kuma ji kuna raɗa cewa gobe ƙarfe goma shugabannin wani asibiti za su zo ku nuna musu manhajar ko za su saya. An goge teburi, an sayo kujeru. Ku ajiye mini ta gaba, zan zo da katunana biyu da kwalbar. Abin da zai fito daga bakina a wurin, kada wanda ya neme ni da shi. Ku duba kwamfutarku: ɗayarmu ta rasu, ɗayar ko magana ba ta fara ba.