Rasuwar Gwaggo Sai-an-tura

Da zuciya mai nauyi, cike taf da baƙin ciki, ni da iyalina muke sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗarsa a bayanta, rasuwar motarmu, wadda mutanen layinmu suka fi sani da Gwaggo Sai-an-tura. Ta cika ranar Talata da sassafe, a tsakiyar gangaren layinmu, bayan doguwar jinyar da ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Liman ya ja mini kunne kada in roƙa wa ƙarfe gafara, don haka ba zan roƙa ba. Mu da ta bari dai a sa mu a addu'a, don abin da ke gabanmu ya fi wanda ya wuce nauyi.

Ba wanda ya san shekarun marigayiya tabbas. Babanmu ne ya saye ta a hannun wani da shi ma a hannu ya saya, a shekarar da ya ajiye tuƙin babbar mota, ina ɗan makaranta. Ita ta ɗauko amaryata, ita ta kai uwar yara haihuwa, ita kuma ta bi gawar mahaifiyarmu a hankali, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba har muka dawo. Mai haƙuri ce da kaya, mai rufin asiri. Ba mu taɓa kulle ƙofarta ba, ba kuma ɓarawon da ya taɓa zubar da mutuncinsa ya kalle ta sau biyu. In ana zafi, murɗa ɗaya take so, ta ce gir-gir-gurrr, ta kama hanya kamar yarinya.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko a kan gawa: Gwaggo ba ta shiri da sanyi. Da zarar iskar asuba ta fara cizon yatsu, sai ta rikiɗe. Ka murɗa makulli ta ce kir, kir, kir. Ka sake murɗawa ta ce kiiir, a gajiye, kamar wadda aka tasa daga barci don a tambaye ta ƙarfe nawa. Na uku kuwa, ƙas, shi ke nan, sai ka ji numfashinka kaɗai. Babu dabarar da ba mu yi mata ba. Batirinta a ɗakinmu yake kwana, naɗe da tsohon zane a gindin gado, uwar yara tana tuntuɓe da shi tana tsaki. Bargon da aka saya mini na aure a kan murfin injinta ya ƙare. Butar ruwan zafi ta farko tata ce, yara su jira ta biyu. A ƙarshe muka gane maganinta ɗaya ne, turi. Shi ya sa kullum muke ajiye ta a ƙofar gida, hancinta na kallon gangare, da dutse a gaban tayarta.

A nan ne zan yi maganar da ta sa na rubuta sanarwar nan, ba don ƙarfen ba.

Mutanen layi sun san halin da Baba yake ciki. Tsufa ya cinye masa tunani. Ba ya gane jikokinsa, yana tambayar mahaifiyarmu ko ta dawo daga kasuwa, ni kuwa yana ɗaukata a matsayin yaron motarsa. Amma ƙafarsa ta hagu ba ta manta komai ba. Duk safiyar sanyi, kafin kowa ya motsa, ya riga ya sa hula ya fito da makulli a hannu. Sai in sa batir, ya shiga mazauni ya gyara madubi, ya taka kulochi ya sa giya ta biyu. Ni da maƙwabtanmu, tela da mai wanki, mu ja dutsen mu tura. Ba wanda ya iya sakin kulochin Gwaggo sai shi. Na gwada, bakanike ya gwada, tsalle kawai take yi ta mutu. Shi kuwa sai ta kai daidai shagon tela, ya ɗaga ƙafa a hankali, ta ce tuf, tuf, gwaf, gurrrr, hayaƙi ya turnuƙe mu.

Sa'annan ya taka birki, ya leƙo ta taga ya dube ni ina haki, ya kira ni da sunana. Sunan da shi ya raɗa mini. Sau ɗaya ke nan a yini, a daidai lokacin da injin ya kama. Daga nan ya koma gefe in ja mu mu zagayo, ya shiga gida ya karya kumallo da kyau. Ranar da ta ƙi tashi kuwa, sai ya koma shimfiɗa ya juya wa duniya baya, ko ruwa sai da lallashi. Masu cewa in sayar da ita in huta, ga amsarku, da ban ba ku ba a lokacin saboda kunya.

Ciwon ajalin ya fara ne da farkon sanyin bana. Hayaƙinta ya koma fari, tarinta ya koma na cikin ƙirji, kullum da safe sai mu tarar da ɗigon baƙin mai a ƙarƙashinta. Turin da ke ƙarewa a shagon tela ya koma sai an kai gidan mai wanki, daga baya sai gindin gangare. Bakanike ya saurari injin, ya goge hannu, ya ce in fara shiri. Na ji haushinsa ƙwarai, har na daina gaishe shi. Ranar Talata Baba ya saki kulochi kamar kullum, ta ce tuf, ta ce tuf, sai wani ƙara ya fito daga cikinta, ƙwararas, irin na tukunyar ƙarfe in ta faɗi a siminti. Daga shi ba ta sake cewa komai ba. Bakanike ya ce injin ya buga, kuma irinsa ko a wurin masu tsofaffin kaya an daina gani.

Muka turo gawar muka mayar ƙofar gida, muka sa mata dutsenta. Washegari Baba ya fito da makulli. Ban iya faɗa masa ba, wallahi ban iya ba. Na kira tela da mai wanki muka tura shi a cikin gawa har gindin gangare, yana ta sakin kulochi, shiru. Bai leƙo ta taga ba. Ranar bai ci komai ba.

Ranar Alhamis muna ɗaki, ban ji fitar Baba ba. Shi kaɗai ya janye dutsen ya shiga. Da tana da rai, da duk layi ya ji ta, don Gwaggo ba ta taɓa wucewa a ɓoye ba. Amma gawa ba ta da murya. Haka ta gangara shiru, tana ƙara gudu, a daidai lokacin da yara ke fitowa za su makaranta. Mai wanki ne ya hango ta ya finciko 'yarsa daga tsakiyar hanya, jakar yarinyar ce ta shiga ƙarƙashin taya. Kwatar gindin gangare ce ta tare ta. Na iso ba takalmi, na tarar da Baba riƙe da sitiyari, jini na bin girarsa, ƙafarsa tana hawa tana sauka a kan kulochi. Ya dube ni bai san ni ba, ya ce, "Kai yaro, ba ku tura da kyau ba. Gobe a fito da wuri."

Da yamma maƙwabta suka zo, tela a gaba. Ba wanda ya ɗaga murya. Suka yi wa Baba sannu, suka ce sun san abin da motar take a gidan nan, amma su ma suna da 'ya'ya. Mai wanki ƙasa kawai yake kallo. Ban ga laifinsu ba. Na ce a cire tayoyin a bar ta a kan duwatsu, uwar yara ta ce to in Baba ya fito ya ga an yanke mata ƙafafu fa?

Marigayiya ta rasu ta bar batir ɗaya mai sauran numfashi, da bargo mai warin mai, da maturanta uku masu ciwon baya, da bakanike wanda nake neman afuwarsa a bainar jama'a. Ta kuma bar dattijo ɗaya wanda har yanzu bai san ta rasu ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Ƙanwata za ta zo da safe ta tafi da Baba gidanta da sunan wanke masa ciwo, in sun yi nisa janwe, motar jan motoci, zai zo ya ɗauki gawar zuwa wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ba a buƙatar masu turi. Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya a waje, kada kowa ya ambaci rasuwar a gabansa. Makullin zai zauna a aljihunsa, don ba wanda ya isa ya karɓa.

An ce sanyin Lahadi zai fi na duk makon nan. Kafin nan an dawo da Baba gida, zai sa hularsa ya fito, ya tarar da fili. Duk wanda ya san abin da ake faɗa wa mutum a irin wannan safiya, don Allah ya zo da wuri ya tsaya kusa da ni.