Ranar da Na Yi Kukan Mutuwata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran tunani, da yinin bikin jikata a Kademi. Ku matso ku ji, amma mai dariya ya yi a hankali.

Ina da 'ya, Binta, tana aiki a wani ƙaramin asibiti ta wajen Ajingi. Wayarta ita ce rumbun asibitin. Sunayen mata masu zuwa awo da lambobinsu suna ciki, zauren da ma'aikata ke magana da shugabansu ma yana ciki. Ranar bikin ta shiga madafa, sai ta miƙo min wayar.

"Inna, riƙe min. Duk gidan nan ke kaɗai na yarda da ke."

Na ɗaure ta a bakin zani (ni da ko allura aka ba ni ajiya ba ta ɓata). Ana cikin guɗa sai ta yi ƙara. Na shafa koren wurin kamar yadda nake ganin ana yi.

Jama'a, na daɗe ban ji gaisuwa irin ta mutumin nan ba. Ina wuni, ina gajiya, ya jikoki, ya ƙafa (ta ina ya san ƙafata na ciwo? Daga baya na gane kowace tsohuwa ƙafarta na ciwo). Ya ce daga babban ofis yake, ana sabunta sunayen ma'aikata, wadda ba ta ba da lambar da aka turo mata ba albashinta zai tsaya.

Na ce, "Ɗan nan, ni ban yi boko ba."

Ya ce, "Hajiya, ai ido ya fi boko. Faɗa min kamanninsu kawai."

Na ware ido a kan saƙon da ya faɗo. Na ce ta farko taɓarya ce a tsaye. Ya ce madalla. Ta biyu gyaɗa ce mai 'ya'ya biyu. Sai ƙwai, sai lauje, sai ludayi, sai wani ludayin da aka juya kansa ƙasa. Ya ce wallahi da an sa ni makaranta da yanzu ni ce gwamna. Na sa masa albarka har da iyayensa. Na mayar da waya bakin zani ina jin kaina kamar wadda ta sauke Alƙur'ani, ban ko gaya wa Binta ba, wai sai albashi ya zo ta ga aikin uwa.

Bayan la'asar ina zaune da cinyar kaza a hannu, sai ga wasu mata sun shigo da sallama ƙasa-ƙasa, idanu jajur. Ɗaya ta zube kusa da ni ta fashe da kuka. Ni kuwa ba a kuka a gabana in zuba ido. Na ajiye kaza, na ja mayafi, na kama nawa.

"Allah ya jiƙan musulmi! Wa aka rasa?"

"Wata baiwar Allah, Iya. An ce da safe lafiyarta ƙalau."

Na ce, "Haka duniya take! Allah ya sa ta huta. 'Yar wane gida ce?"

"Mahaifiyar Binta, abokiyar aikinmu."

Na tsayar da kukan cak. Daidai nan Binta ta fito da muciya a hannu. Ta dube su, suka dube ta, ta nuna ni. Wadda ke jikina ta yi tsalle ta bar takalmi ɗaya.

Ashe mai gaisuwar nan da taɓaryata da ludayina ya buɗe zauren Binta ya shige, ya kulle ta a waje. Ya aika wa kowa da sunanta cewa na rasu, a taimaka da abin likkafani. Har matan awo sai da ya bi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda wasunsu ko dangin miji ba su san suna da ciki ba. Shugabansu kuma, Malam Sani, yana ƙofar gida cikin maza, ya riga ya yi min fatiha.

Shi bai yi dariya ba. Ya ce sirrin marasa lafiya amana ce, kuma aikin Binta yana rawa. Washegari na sa aka kai ni asibitin a bayan babur, na durƙusa da ƙafar nan mai ciwo.

"Ranka ya daɗe, gawar ce ta zo da kanta. Laifina ne, kada a kori marainiya."

Nan dai dariyar ta ƙwace masa. Aka ƙwato zauren, aka ƙara masa wata kuba ta biyu, Binta ta bi matan gida-gida tana ba da haƙuri. Aikinta ya tsira, nawa sunan ne bai tsira ba. Har yau in na shiga kasuwar Gaya sai na ji, "Marigayiya, ya kwanan kabari?"

Ni da na zauna da mijina har ya koma ga Allah bakina bai taɓa furta sunansa ba, sai ga shi baƙo ya kwance ni da ina gajiya. Yanzu na gane: lambar da ta faɗo waya sunan miji ce. Kin san ta, tana ranki, amma ko wa ya tambaya sai ki sunkuyar da kai.