Zanen Ƙazuwa a Ƙofar Mai Unguwa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da ƙazuwa ta addabi unguwar Kabara, ina sabon duba-gari, Turawa ba su wani daɗe da zuwa ba. Kowa susa yake, har a sahun salla. Tsofaffi suka ce daga sama take saukowa, wai wani abu ne taurari ke zubowa wanda ido ba ya gani. Ni kuwa na yi musu dariya (wata uku fa na yi ina riƙe wa likita jaka, ji nake na gama ilimi).

Likitan ya nuna min cewa cuta hanya take bi, daga wannan zuwa wancan. Sai na tara jama'a a ƙofar Mai Unguwa, na jera tsakuwa, kowace ɗaya gida guda, na ja layi da kara tsakanin masu cuɗanya. Layukan suka taru a kan Baba Tanko wanzami. Nan take na ce a hana shi aski. Mutumin da askar nan ce abincin iyalinsa!

Baba Tanko ya tsuguna, ya daɗe yana duban zanen.

"Malam, gidajen nan huɗu da ta fara kamawa ba ni nake musu aski ba. Amma duk an yi aure a cikinsu bana, kuma daga angwayen ta soma."

Mai Unguwa ya ce, "Ikon Allah! To me ya haɗa angwayen?"

Wani ango daga baya ya ce, "Riga ɗaya muka ara, ranka ya daɗe."

Tawa ce. Babbar rigata ta saƙi, wadda nake ba angwaye aro don a yabe ni (ban taɓa bari an wanke ta ba, kada shunin ya zuba). Kuma ita ce a jikina, hannu ɗaya riƙe da kara, ɗayan yana can cikin hammata yana aiki. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba Tanko bai ko yi murmushi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya ɗauki tsakuwa ya ajiye a tsakiyar zanen.

"Aikinka ya yi kyau, ɗana. Gida ɗaya ka manta."

A ranar aka dafa rigar. Ni da shi muka bi layukan gida-gida da farar wuta da man shanu, har gidajen da ba ta kai ba muka riga ta zuwa. Kafin damina susa ta ƙare, shi kuma ya ci gaba da askinsa.

Tun daga nan, in zan jera wa mutane tsakuwa, tawa nake fara ajiyewa.