Yadda Za Ka Ɗinka wa Surukinka Wando da Ƙarfin Zuciya Kaɗai

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan yadda na tsara su, ina ba ka tabbacin rayuwarka za ta sauya. Ban ce ta wane ɓangare ba, amma za ta sauya.

Shaidata wani tela ne da ake wa laƙabi da Sai-Gobe. Keken da yake ɗinki da shi na surukinsa ne, aro aka ba shi ko Allah zai sa ya zama mutum. Ran nan sai tsohon ya kawo masa yadi mai tsada, a ɗinka masa kayan da zai sa a taron sallamar da ofishinsu zai yi masa. "Wannan ne gwajin ƙarshe," in ji shi. "Ka ɓata, keke ya koma gida."

Mataki na ɗaya: Wanke hannunka daga zargi

Kada ka yarda wani ya ce ba ka ƙware ba. Matsalar a ƙwaƙwalwa take. Sai-Gobe a waya ya ji wannan, daga bakin wani mai jawabi sanye da kwat, wanda ya ce abin da ka yarda da shi, shi kake zama. Nan take ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Ashe duk shekarun nan ba lalaci ke damunsa ba, tunani ne ya karkace.

Mataki na biyu: Yi wa madubi wa'azi

Kowace safiya tsaya gaban madubin shago, ka daki ƙirji, ka ce, "Ni gwani ne!" Madubi ya fi mutane tarbiyya, ba ya musu.

Mai guga na shagon gefe ya leƙo. "Malam, lafiya? Da wa kake faɗa?"

"Da tsohon ni."

"To, Allah ya sasanta ku," in ji mai guga, ya koma kan aikinsa.

Mataki na uku: Rabu da tef ɗin awo

Nan ne asirin yake. Awo alamar shakka ce, wanda ya yarda da kansa ba ya zagaya cikin mutum da igiya. Da surukin ya dawo ya ɗaga hannuwa a auna shi, sai Sai-Gobe ya dube shi sama da ƙasa, ya lumshe ido.

"Baba, sauke hannunka. Na riga na gan ka a zuciyata."

"Ba za ka auna ba?"

"Awo na 'yan koyo ne, Baba."

Ka tuna, mai kyakkyawan tunani yana ganin mutane yadda ya kamata su zama, ba yadda suke ba. A zuciyar Sai-Gobe, Baba siriri ne.

Mataki na huɗu: Toshe kunne daga masu kashe gwiwa

Galibi a cikin gida suke. Matarsa ta ce, "Maigida, don girman Allah ka auna Baba. Tumbin nan tun ina yarinya na san shi, kullum gaba yake yi."

"Kin ji ba? Irin tunanin da ya hana gidanku ci gaba ke nan."

Ta ce, "To." Tsoro ne ya kama ta na gaske, domin da keken nan suke ci, da shi yara suke zuwa makaranta. Amma kai kada ka kula, tsoro ma tunani ne.

Mataki na biyar: Sa almakashi, ba waiwaye

Ya yanka, ya ɗinka, ya goge, kafin ka ce kwabo ya gama. Ka ga ci gaba? Bai kira Baba gwaji ba, tunda gwaji ƙanen awo ne. Sai da safiyar taron ya kai kayan da kansa, yana tafe yana fito.

Mataki na shida: Kira duk abin da ya faru darasi

Wandon ya shiga, amma sai da uwar matar Sai-Gobe ta taimaka, Baba kuma ya riƙe numfashi. A taron ya yi tsaye ƙiƙam, mutane suna cewa tsohon nan akwai ƙarfi. Da aka miƙo masa kyautar girmamawa ya sunkuya zai karɓa, kusa da lasifika. Har na kujerar baya sun ji ƙarar yagewar wandon.

Da yamma ya iso shago da zanen tebur ɗaure a ƙugu, masu dako biyu a bayansa.

Sai-Gobe ya ce, "Baba, ai babu faɗuwa a rayuwa, darasi ne kawai. Tunaninka za ka sauya."

"Na sauya, ɗana. Dā na yarda kai tela ne. Yau na daina, kuma wallahi har na ji sauƙi." Ya juya ga masu dako. "Ku ɗauka."

Gargaɗi

Ni da na rubuta wannan ba ruwana da wandon da ya yage, ko keken da aka ɗauke, ko matar da ta daina yi maka magana. In abin ya ɓaci, yardarka da kanka ce ba ta kai ba, kada ka neme ni. Mai shakka kuma ya je shagon ya gani da idonsa: Sai-Gobe yana nan zaune cike da ƙwarin gwiwa, ƙafarsa tana ta taka wurin da keken yake a dā.