Rigar Barira da jibin tela

Wata 'yar wasan ƙwallon raga ce, Barira, kyaftin ɗin ƙungiyar matan garinsu, ta kai wa Tanimu tela shadda tun kafin a buɗe kakar wasa. Lokacin tana nan ɓul-ɓul abinta, ta sha hutu ta sha fura. Ya auna ta, ya rubuta da alli a jikin bango, ya ce ta dawo jibi. To, kowa ya san jibin tela ba ya cikin kalanda. Aka shiga gasa: gudu da sassafe, tsalle da hantsi, dukan ƙwallo har la'asar, wata biyar cur. Tumbi ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ƙugu ya tsuke, kafaɗu suka buɗe kamar na mai dakan fura. Allah ya ba su sa'a suka ci kofi. Ana gobe za a miƙa mata shi a gaban manyan baƙi, ga shi ba ta da abin fita kunya sai wannan shaddar, ta ja kakarta Iya, 'yar tsohuwa mai dogara sanda, zuwa shagon Tanimu don ta taya ta magiya. Abin mamaki, sai ga riga an gama!

Barira ta shiga bayan labule. Hannu ɗaya ya shiga ya ƙi fita, ɗayan ya ƙi shiga sam, cikin rigar kuwa ita da ƙwallo uku sa zauna ba takura. Da ƙyar ta ƙwaci kanta, ta fito ranta a ɓace.

"Malam Tanimu, don Allah wa ka ɗinka wa wannan?"

Ya dubi bango, ya dube ta. "Ga awonki nan, ko inci ban ci ba. Ke ce kika canza ba ki sanar da ni ba. Ina kika kai ƙugun da na auna?"

"Na baro shi a filin wasa."

"To, ki ajiye ƙwallon nan, ki kama tuwo safe da yamma. Wata biyu kin dawo daidai da rigar."

"Gobe fa ake taron!"

"Shi ke nan, don darajar Iya, matso in sake auna ki. Ki dawo jibi."

Barira ta kamo hannun kakarta, ta tsayar da ita a gabansa.

"Auna Iya kawai. Kafin mu kai jibin nan naka, na zama ita."